Frank Capra: Ɗan ci-ranin da fim ɗin motar dare ya ɗaukaka

Duk wanda ya yi tashen kallon finafinan Indiya a zamanin kaset ɗin bidiyo, da wuya a ce bai ci karo da Dil Hai Ke Manta Nahin ba, fim ɗin Aamir Khan da Pooja Bhatt na shekarar 1991, wanda a cikinsa 'yar wani attajiri ta tsere daga hannun mahaifinta domin ta cim ma saurayin da ya hana ta, ta shiga motar haya, ta haɗu da wani ɗan jarida da aljihunsa ya bushe, suka yi ta sa-in-sa a hanya har gardamar ta rikiɗe ta zama so. Dattawan da suka riga mu shiga silima kuwa za su ce ai tun a Chori Chori na Raj Kapoor da Nargis, wanda ya fito a 1956, suka san wannan labari. To, su ma Indiyawan aro suka yi. Labarin ɗan Amurka ne, kuma ya fara fitowa a allon silima ne a watan Fabrairun 1934 da sunan It Happened One Night, wato abin da ya faru a wani dare, a daidai lokacin da yunwa da rashin aikin yi suka yi wa ƙasar katutu. Mutumin da ya ba da umarnin wannan fim, Frank Capra, shi ne nake son mai karatu ya ba ni aron hankalinsa mu duba rayuwarsa, domin fim ɗin ne ya ɗaukaka shi, kuma a ganina darasin da ya ɗauka daga wannan ɗaukaka shi ne ya ɓata masa ragowar tafiyarsa.

An haife shi ran 18 ga watan Mayun 1897 a ƙauyen Bisacquino da ke tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, aka raɗa masa suna Francesco Rosario Capra. Iyayensa manoma ne da ba su iya karatu da rubutu ba. A 1903, yana ɗan kimanin shekara shida, iyalin suka bi sahun dubban 'yan'uwansu talakawan kudancin Italiya zuwa Amurka, suka kwana 13 a can ƙasan jirgin ruwa, ajin da ake cusa waɗanda ba su da kuɗin ɗaki, cikin wari da amai da cunkoso. Daga New York suka zarce birnin Los Angeles, inda wani yayansa ya riga su sauka. Uban ya kama aikin tsinkar 'ya'yan itatuwa, shi kuwa yaron ya shiga tallan jarida a bakin titi, sana'ar da ya yi kusan shekara goma yana yi bayan an tashi daga makaranta.

A gidan da kowa ke fita neman abin sawa a baka, yaron da ya nace sai ya yi karatu abin gori ne, kuma ya sha gorin. Duk da haka ya gama sakandare, ya shiga kwalejin fasaha ta Throop, wadda daga baya ta zama shahararriyar Caltech, yana shara da raba abinci da kaɗa kayan kiɗa a gidajen rawa domin ya biya kuɗin makaranta. Yana tsakiyar karatun ne injin ban-ruwa ya kama mahaifinsa a gona ya kashe shi. A 1918 ya fito da digirin injiniyan haɗa sinadarai, ya shiga soja, aka tura shi koya wa sojojin igwa lissafi a San Francisco, har annobar murar da ta ratsa duniya a wannan shekara ta kwantar da shi aka sallame shi. A 1920 ya zama ɗan ƙasa. Sai dai kash, digirin bai samar masa aiki ba. Shi kaɗai ne mai digiri a gidan, kuma shi kaɗai ne marar aikin yi. Ya bar gida ya shiga uwa duniya, yana kwana a gidajen haya na 'yan kwabbai, yana hawan jirgin ƙasa na kaya a ɓoye, yana tallan littattafai gida-gida, wani lokaci har da caca. Mai karatu ya riƙe waɗannan shekaru a ransa, domin za mu sake ganin su a cikin fim ɗin da muke magana a kai.

Shigarsa harkar fim, a yadda shi da kansa yake ba da labari, da 'yar ƙarya aka yi ta: ya je wurin wasu masu ƙaramin kamfani a San Francisco ya nuna musu cewa daga Hollywood yake, suka ba shi dala 75 ya yi musu wani gajeren fim a 1922. Daga nan ya koyi aikin tun daga tushe, ya yi aikin wanke fim da yanka shi da haɗa shi, sannan ya zama mai ƙirƙiro abubuwan ban dariya a kamfanonin Hal Roach da Mack Sennett, a zamanin finafinan da ba a magana a cikinsu. Ya ba da umarnin finafinai biyu na ɗan wasan barkwanci Harry Langdon a 1926 da 1927, suka yi kasuwa, sai Langdon ya ga cewa ai shi kaɗai ma ya isa, ya kore shi. Langdon ya karɓi ragamar ba da umarni da kansa, tauraruwarsa ta dushe nan da nan. Capra ya yi ta ba da wannan labari har tsufansa a matsayin misalin mutumin da nasara ta rufe wa ido, ba tare da ya taɓa waiwayar kansa ba.

A ƙarshen 1927 ya faɗa hannun Harry Cohn, shugaban kamfanin Columbia, mutum mai kaushin baki da maƙon tsiya. Columbia a lokacin ƙaramin kamfani ne a unguwar da 'yan Hollywood ke kira layin talauci, ba shi da manyan jarumai nasa na kansa, ba shi kuma da gidajen silima kamar MGM da Paramount. Amma ƙanƙantar tasa ta yi wa Capra rana, domin Cohn ya sakar masa mara muddin bai wuce kasafi ba. Da finafinai masu magana suka shigo, daraktoci da yawa suka rikice da na'urorin ɗaukar sauti, shi kuwa injiniya bai ji tsoron waya da inji ba. A nan ne kuma ya haɗu da mutumin da tarihinsa ba ya kammala sai da shi, wato Robert Riskin, sa'ansa ne haihuwar 1897, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Rasha zuwa unguwar talakawa a New York, marubucin wasan daɓe wanda karayar tattalin arziki ta kora zuwa Hollywood neman abinci.

Wajibi ne a ɗan tsaya a kan wannan karaya, domin in ba a san ta ba, ba za a gane fim ɗin ba. Kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe a watan Oktoban 1929. Zuwa ƙarshen 1933 kimanin bankuna 9,000 sun rufe da ajiyar mutane a ciki, kuma cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki, wato kusan mutum miliyan 13. Magidanta sun yi layin karɓar miya da burodi kyauta, iyalai sun koma bukkokin kwano da kwali a bayan gari. Ita ma Hollywood ba ta tsira ba. Masu shiga silima sun ragu matuƙa, har gidajen kallo suka koma raba wa mata faranti kyauta don su jawo su, kamfanonin Paramount da RKO kuma suka shiga hannun masu bin su bashi. A watan Maris na 1933, lokacin da sabon shugaban ƙasa Franklin Roosevelt ya rufe dukkan bankuna na 'yan kwanaki, kamfanonin fim suka zaftare rabin albashin ma'aikatansu na tsawon mako takwas. Haushin wannan ne ya sa marubuta suka kafa ƙungiyarsu, kuma Riskin na cikin na gaba-gaba.

A wannan shekara ce, a watan Agusta, mujallar Cosmopolitan ta buga wani gajeren labari na Samuel Hopkins Adams mai suna Night Bus, wato motar dare. Capra da Riskin suka sa Columbia ta saye shi, suka zauna suka mayar da shi fim. Ba wanda ya yi maraba da shi. Masana kasuwa sun ce finafinan tafiyar mota ba sa sayuwa. Jarumi Robert Montgomery ya ƙi, jarumai mata irin su Myrna Loy da Miriam Hopkins da Margaret Sullavan duk suka kau da kai. Wani abokin Capra, marubuci Myles Connolly, shi ya nuna musu inda gizo ke saƙar: babu mai jin tausayin 'yar mai kuɗi da shagwaɓa ta ɓata, sai dai in an nuna cewa kuɗin ne ya zame mata kurkuku, kuma dole saurayin ya zama mutumin da talaka zai ga kansa a cikinsa. Aka sake rubutu. Clark Gable ya zo ne a matsayin aro daga MGM. An daɗe ana yaɗa cewa horo ne shugaban kamfanin, Louis B. Mayer, ya yi masa saboda taurin kai, amma lissafin kuɗin ya nuna ciniki ne kawai: MGM na biyan sa dala 2,000 a mako ko ya yi aiki ko bai yi ba, Columbia kuwa ta karɓe shi a kan dala 2,500. Ita kuwa Claudette Colbert tana da tsohon ƙulli da Capra, domin shi ya ba da umarnin fim ɗinta na farko a 1927, fim ɗin kuma ya faɗi warwas. Ta kafa sharuɗɗan da take zaton ba za a karɓa ba, a ninka mata kuɗinta ya zama dala 50,000, a kuma gama da ita cikin mako huɗu saboda tana da tafiya hutu. Cohn ya amince. Aka ɗauki fim ɗin a gurguje tsakanin Nuwamba da Disambar 1933 a kan kimanin dala 325,000, kuma da aka gama Colbert ta shaida wa wata ƙawarta cewa ta yi fim mafi muni a duniya.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. Ellie Andrews ta ɗaura aure a asirce da wani matuƙin jirgin sama mai kwaɗayin dukiyar ubanta, uban ya tsare ta a jirgin ruwansa a gaɓar Miami yana neman a raba auren, sai ta faɗa teku ta yi iyo ta tsere, ta hau motar dare zuwa New York. A motar ne ta haɗu da Peter Warne, ɗan jaridar da aka kora daga aiki a ranar. Ya gane ta, ya yi mata tayi: ya raka ta har wurin mijinta, ita kuma ta bar masa labarinta shi kaɗai, in ba haka ba ya tona mata asiri ga ubanta.

Labarin ba sabo ba ne, kuma in don shi kaɗai ne da tuni an manta da fim ɗin. Abin da ya raya shi shi ne kuɗi, ko in ce rashinsu. Tun daga tashar farko aka sace jakar Ellie, daga nan kowane santi sai an lissafa shi a gaban mai kallo. Ɗakin kwana a masaukin bakin hanya dala biyu ne. Karin kumallo ƙwai ɗaya ne da baƙin kofi da wani soyayyen burodi mai kama da fanke, har Peter ya tsaya yana koya wa 'yar miloniya yadda talaka ke tsoma shi a kofi ba tare da ya narke ba. Da za ta yi wanka, sai da ta bi layi a bayan matan talakawa, suna yi mata dariya. A cikin motar, ana tsakiyar waƙa da raha, fasinjoji kowa na ba da baitinsa, sai motar ta faɗa cikin taɓo, aka tarar wata mata ta suma, ɗanta yana kuka yana bayanin cewa tun jiya ba su ci komai ba, kuɗinsu duka sun tafi a tikitin zuwa neman aiki. Ellie ta fizgi takardar kuɗin da ta rage a hannun Peter ta miƙa wa yaron. Daga nan su ma yunwar ta kama su, suka kwana a kan tarin ciyawa, har ta kai ga gwaguyar ɗanyen karas ɗin da ta raina da safe. Mutumin da ya biya kimanin santi 25 ya shiga silima a 1934 ya san wannan yunwa, ya san wannan mota, ya san layin banɗakin. Ba a yi masa wa'azi ba, ba a kuma yi masa ƙaryar cewa komai lafiya lau ba. An nuna masa cewa a kan hanya shi ne malami, 'yar mai kuɗi ce ɗaliba. Wuri ɗaya ne ɗalibar ta ƙure malaminta: bayan Peter ya gama cika baki kan hanyoyi uku na ɗaga babban yatsa don a rage wa mutum hanya, motoci suka yi ta wuce shi, ita kuwa ta fito bakin titi ta ɗan ɗage siket, mota ta ci birki nan take.

Sai kuma maganar bargo, wadda ita ce ta fi shahara. Da dare ya yi musu a ɗaki ɗaya mai gado biyu, Peter ya ɗaura igiya a tsakiya ya rataya bargo, ya raɗa masa suna ganuwar Yariko, birnin nan na ƙasar Falasɗinu wanda labarin Tsohon Alkawari ya ce ganuwarsa ta rushe ne da busar ƙaho. Wannan bargo bai faɗi ba har ƙarshen fim, bayan an warware auren farko an ɗaura na biyu, kuma ko a lokacin ba a nuna ma'auratan ba, an dai ji busar ƙahon wasan yara, aka ga bargo a ƙasa, aka kashe fitila. Fim ne na soyayya wanda masoyan cikinsa ba su sumbaci juna ko sau ɗaya ba. 'Yan watanni bayan fitarsa, a watan Yulin 1934, matsin lambar malaman cocin Katolika ya tilasta wa Hollywood aiwatar da dokar tace finafinai a ƙarƙashin Joseph Breen, sai masu shirya finafinai suka tarar Capra da Riskin sun riga sun nuna musu mafita: a mayar da sha'awa ta koma gardama da zolaya da saurin baki. Ba mamaki wannan kamun kai ne ya sa labarin ya yi wa Indiyawa daidai kamar don su aka ɗinka shi.

Ni dai wurin da ya fi burge ni shi ne kusa da ƙarshe. Uban ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya gano 'yarsa, Peter ya zo ofishinsa kan maganar kuɗi, kowa ya ɗauka ladan ya biyo. Sai ya ajiye takardar lissafi ta dala 39 da santi 60, kuɗin aljihunsa da na kwat da akwati da hula da riguna da ya rabu da su don ya zuba mai a mota. Iyakar abin da yake bi ke nan, kuma bai karɓi ƙari ba. A shekarar da manyan masu banki suka cinye ajiyar jama'a, mutunci irin wannan ne masu kallo ke ƙishirwar gani.

An fara nuna fim ɗin ran 22 ga Fabrairun 1934 a babban zauren Radio City na New York, mako ɗaya kacal ya yi aka sauke shi. Makonni uku bayan haka Capra ya sha kunyar da bai taɓa mantawa ba. A bikin ba da lambar yabo ta Oscar, yana takarar gwarzon darakta da fim ɗinsa Lady for a Day, mai gabatarwa Will Rogers ya kira Frank ya zo ya karɓa, Capra ya zabura ya nufi dandamali, ashe Frank Lloyd ake nufi. Ya juyo ya ratsa tebura ya koma mazauninsa. Amma a daidai wannan lokaci, a can ƙananan garuruwa da ƙananan gidajen kallo, mutane sun fara faɗa wa juna labarin fim ɗin motar dare, suna komawa kallonsa sau biyu sau uku, har ya zama fim mafi kawo kuɗi da Columbia ta taɓa yi zuwa lokacin. Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido. Ran 27 ga Fabrairun 1935 ya lashe manyan lambobin Oscar biyar gaba ɗaya: gwarzon fim, darakta, jarumi, jaruma da marubuci. Colbert ba ta ma halarci bikin ba, daga tashar jirgin ƙasa aka ɗauko ta da kayan tafiya a jikinta. Finafinai biyu ne kawai suka sake yin irin wannan tun daga lokacin, ɗaya na 1975, ɗaya na 1991.

Duk wanda ya bi wannan labari zai ga hannaye nawa ne suka ɗauki jinkar. Adams ya kawo labari, Connolly ya gyara masa ƙashin baya, Riskin ya sa wa mutanen cikinsa harshe, Joseph Walker ya ɗauki hoton ruwan sama da hasken wata, Gable da Colbert suka zuba abin da ba a rubutawa a takarda, hatta maƙon Cohn ya taimaka, domin gaggawa ce ta hana a yi wa fim ɗin kwalliyar da za ta kashe shi. Rabon Capra ma ba ƙarami ba ne, kuma zalunci ne a rage masa. Shi ne ya gano tun a 1932 cewa abin da ke tafiya daidai a wurin ɗauka yakan yi nauyi a babban allo, don haka ya riƙa sa 'yan wasa su ƙara sauri, su riƙa katse juna kamar yadda mutane ke yi a zahiri, ya kuma daina ɓata lokaci wajen nuna shiga da fita daga ɗaki. Shi ne kuma ya san ƙanshin motar talakawa, don ya kwana a irinta.

Amma nasarar ta firgita shi. Ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, kuma a littafin tarihin kansa ya ce wani ɗan ƙaramin mutum da bai san sunansa ba ya shigo ɗakin jinyarsa ya kira shi matsoraci, ya tuna masa cewa Allah ya ba shi damar yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane magana na awa biyu a cikin duhu, alhali yana kwance yana ɓata baiwar. Masu bincike da dama na shakkar ko an taɓa yin wannan baƙo. Ko an yi ko ba a yi ba, Capra ya tashi da aƙida biyu: finafinansa za su riƙa ɗauke da saƙo, kuma fim aikin mutum ɗaya ne, wato darakta. Ya sa aka riƙa rubuta sunansa a saman sunan fim. Ya sake lashe Oscar da Mr. Deeds Goes to Town na 1936 da You Can't Take It with You na 1938, duka biyun Riskin ne ya rubuta, ya shugabanci hukumar ba da Oscar daga 1935 zuwa 1939, hotonsa ya fito a bangon mujallar Time a 1938. A shekarar ce kuma ɗansa John ya rasu yana ɗan shekara uku bayan wata 'yar tiyatar maƙogwaro. Abin dariya a nan shi ne, da Columbia ta liƙa sunansa a wani fim da ba shi ya yi ba don ta sayar a Ingila, sai da ya maka kamfanin a kotu a 1937. Ashe ya san zafin a haɗa sunan mutum da aikin da ba nasa ba.

Jama'a sun ɗauke shi kakakin talaka kuma ɗan gani-kashe-nin Roosevelt. Alhali shi ɗan jam'iyyar Republican ne, bai taɓa jefa wa Roosevelt ƙuri'a ba. Masu wannan ra'ayi su ne marubutansa, Riskin da Sidney Buchman, wanda ya rubuta Mr. Smith Goes to Washington na 1939, fim ɗin da ya harzuƙa 'yan majalisar dattawan Amurka saboda ya nuna cin hanci a zaurensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan Meet John Doe na 1941, Riskin ya gaji da jin ana kiran aikinsa da sunan wani, suka raba gari.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ba Capra wani fagen. Ya koma soja, Janar George Marshall ya ɗora masa aikin bayyana wa kuratan Amurka dalilin yaƙin, ya shirya jerin finafinai bakwai masu suna Why We Fight, inda ya yi amfani da hotunan farfagandar Jamus da Japan ya juya su a kan masu su. Ya fito da muƙamin kanar. Ya dawo ya kafa kamfaninsa tare da William Wyler da George Stevens, ya yi It's a Wonderful Life a 1946, fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba, aka sayar da kamfanin ga Paramount. Marubutansa, Frances Goodrich da mijinta Albert Hackett, su ma da ɓacin rai suka rabu da shi. Sai bayan 1974, da aka yi sakacin sabunta haƙƙin mallakarsa, gidajen talabijin suka riƙa nuna shi kyauta kowace Kirsimeti, ya zama abin da Amurkawa ke ji da shi.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi duhu. A 1951, lokacin farautar 'yan kwaminis a Amurka, hukumomin tsaro suka ƙi amincewa da shi a wani aikin sirri na soja, saboda finafinansa da mutanen da ya yi aiki da su. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa finafinan nasa ne shi kaɗai, da tura ta kai bango sai ya rubuta doguwar takardar wanke kai, ya kuma ambata wa hukuma sunayen wasu marubutan da suka yi masa aiki. Wannan ya kasance a ɓoye har sai da Joseph McBride ya tono takardun a littafinsa na 1992. A farkon 1952 gwamnati ta tura shi Indiya ya wakilci Amurka a bikin finafinai na ƙasa da ƙasa na farko da ƙasar ta shirya, shekara huɗu kafin Chori Chori. Riskin kuwa cutar shanyewar jiki ta kwantar da shi a ƙarshen 1950, ya yi shekara biyar yana jinya, matarsa jaruma Fay Wray na kula da shi. Capra bai je duba shi ba, da ya rasu a watan Satumban 1955 kuma bai halarci jana'izarsa ba. Za a iya cewa shi ma Riskin bai yi wani abin a-zo-a-gani ba bayan rabuwarsu, kuma gaskiya ne. Sai dai a duba abin da Capra ya koma yi: Riding High na 1950 maimaicin wani rubutun Riskin ne na 1934, Here Comes the Groom na 1951 daga labarin Riskin aka ɗauko shi, babban fim ɗinsa na ƙarshe kuma, Pocketful of Miracles na 1961, maimaicin Lady for a Day ne.

Ya bar yin manyan finafinai yana da shekara 64. A 1971 ya fitar da tarihin kansa, ya sa masa suna The Name Above the Title, wato sunan da ke saman sunan fim, littafin ya yi kasuwa, jami'o'i suka riƙa gayyatar sa, matasan daraktoci suka ɗauke shi uba, a 1982 kuma cibiyar finafinai ta Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa. A 1977 an kai shi ziyara Bisacquino, ƙauyen ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa da kaɗe-kaɗe don tarbar ɗansu, amma daga baya ya shaida wa McBride cewa bai ji komai a ransa ba, garin ba ya nufin komai a wurinsa. Matarsa Lucille, wadda suka yi shekara 52 tare, ta rasu a 1984, shekara guda bayan haka cutar shanyewar jiki ta fara kama shi, bai kuma sake murmurewa ba. Ya rasu a gidansa da ke La Quinta a jihar Kalifoniya ran 3 ga Satumban 1991, yana da shekara 94, ƙasa da wata biyu bayan an fara nuna Dil Hai Ke Manta Nahin a gidajen silima na Bombay.